Tafin Ƙafar Dattawan Kyaukse

Ma Thawda ta zauna a tabarma gaban malaminta, Saya U Nyo Sein, a gidansa na Mandalay. Idan bai sa hannu a kundinta ba, babu ita babu digirin bana.

"Cire babi na huɗu, 'yata," ya ce, yana tsakurar kwaɗon ganyen shayi. "Masu jarrabawa shaida a rubuce suke so."

Babin kuwa a kan wani tsohon hoto ne da ke cikin littafin wani jami'in mulkin mallaka. Dattawan wani ƙauye kusa da Kyaukse ne zaune a ƙasa gabansa, shi yana kan kujera da takalmansa. A ƙasan hoton ya rubuta wai sun miƙa wuya cikin farin ciki, har suka miƙe ƙafafu don sakin jiki. Sakin jiki! Mutumin nan ana zaginsa ido da ido, shi kuma yana washe baki ana ɗaukar hoton.

"Saya, duba ƙafafunsu mana. Duk tafin ƙafafun jami'in suke kallo. Ko ɗan yaye ya san ba a yi wa babba haka."

"Zato ne. Wataƙila gwiwa ke damunsu."

"Dukkansu? Rana ɗaya?"

"Kin cika baki. Shi yana wurin, ke kina ina? Zama ne kawai, ba ya nufin komai."

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Malamin nan shi ya koya mata karanta rubutun ganyen giginya, tana girmama shi kamar mahaifinta, kuma sarai ya san gaskiya, tsoron masu jarrabawa ne kawai.

"To, tunda ba ya nufin komai..."

Ta gyara zanenta, ta zaro ƙafafunta da ke lanƙwashe, ta miƙe su sambal zuwa gare shi.

Tsohon ya zabura tsaye, farantin kwaɗon ya kife.

"Ni? Ni za ki nuna wa ƙafa? Mara kunya! Fita!"

Ta janye ƙafafun, ta durƙusa, ta kai goshi ƙasa kamar yadda ake yi wa malami a al'adarsu. Hawaye na zuba ta ɗauki kundinta.

"Ka gafarce ni, Saya. Amma a fayyace min: in ƙara shekara, ko za ka sa hannu? Babin dai ba zai fita ba."

Ya tsaya yana huci, idonsa a kan hoton.

"Sai baɗi," ya ce.

"Sai baɗin," ta ce, ta fita da kundinta cif, babi na huɗu na ciki.