Riƙe Kujerarka, Yaya

Ƙarfe biyu saura na rana, ana ɗan yayyafi irin wanda ba ya hana fita amma sai ya jiƙa kafaɗa, Mai Fenti ya tsaya a ƙofar gida cikin rigarsa da ta sha guga, yana jiran ƙanensa Dogo. Shekara uku ke nan da idanunsa suka tafi, amma unguwa ba ta daina kiransa Mai Fenti ba, don rabin allunan shagunan layin nan hannunsa ne.

"Kai, Yaya, irin wannan turare? Silima za mu ko neman aure?" in ji Dogo, yana miƙa masa hannu.

"Rufe min baki. Mai Inuwa Bakwai za mu kalla, dole in yi kyau."

Suka yi dariya, suka kama hanya.

Fim ɗin da za su, labarin Mai Inuwa Bakwai ne, wani mai gadin maƙabarta da ya faɗa tsohuwar rijiya ya fito da inuwa bakwai, kowace aljana ce mai yi masa aiki. Tun suna yara suke bin labarin a littattafan zane masu fitowa wata-wata. Lokacin Dogo bai iya karatu ba, sai yayan ya ɗora littafin a cinya, ya rufe hoton gaba da tafin hannu, ya karanta na farko, sannan ya ɗaga hannun su gani tare. Shi kansa bai taɓa leƙawa ba. Akwai watan da Dogo ya kwanta asibiti kwana goma sha ɗaya, littafin ya zauna a ledarsa ƙarƙashin katifa har aka sallamo shi. Da aka ce za a yi fim, Mai Fenti ya ce abu ɗaya yake so: su shiga tare, babu wanda ya san gaba. Dogo ya rantse.

Ɗakin kallon da sanyi, kujerun na ƙamshin sabon yadi. Mai Fenti ya ɗora tafinsa a kan hannun ƙanensa, Dogo ya matso da baki kusa da kunnensa.

"An nuno rijiyar. Bakinta duk gansakuka. Ga shi nan da tocila, rigarsa ruwan toka, ba baƙa ba kamar ta littafi."

"Sun ɓata. Ci gaba."

Dogo ya iya ba da labari ranar, har ya ba yayansa mamaki. Ba ya in-ina, ba ya cewa "tsaya in gani". Wa ya shigo, me ke hannunsa, ta ina inuwa ta uku ta bi bango, duk tsaf. Mai Fenti ya ji fenti na dawo masa a ka, ja da shuɗi da ruwan ƙwai, yana murmushi shi kaɗai.

Can tsakiyar fim aka yi tsit. Ba kiɗa, ba magana, sai ɗigar ruwa. Dogo ya raɗa, "Riƙe kujerarka, Yaya."

Ya riƙe. Ya ja numfashi ɗaya, biyu, uku. Ba komai. Sai a na huɗu wani abu ya fashe da ƙara, ɗakin ya ɗauki ihu, wata mata a baya ta yi salati, wani ya zubar da abin shansa. Mai Fenti kansa sai da ya zabura.

Hannun da ke ƙarƙashin tafinsa kuwa ko motsi bai yi ba.

Dogo ne fa, wanda in murfin tukunya ya faɗi a kicin sai ya yi tsalle.

Mai Fenti ya janye hannunsa a hankali ya ɗora a gwiwa.

"Inuwa ta bakwai ce ta fito, Yaya, ta juya masa baya, ta..."

"Ya isa."

"Ba ka ji ba, yanzu ne..."

"Na ce ya isa, Dogo."

Sauran fim ɗin da kunne ya bi shi: ƙarar gini na rushewa, kukan wata yarinya, kiɗa mai tashi da sauka. Bai san wa ya mutu ba. Bai tambaya ba.

Da suka fito yayyafin ya tsaya, kwalta na warin ruwa. Suka raɓe jikin bango don jama'a su wuce.

"Yaushe ka gani?"

"Gani me?"

"Kar ka ƙara min da wannan. Yaushe?"

Dogo ya daɗe yana murza makullan aljihunsa. "Ranar da aka fara."

"Kai kaɗai?"

"Da matata."

"Ranar da kuka ce za ku duba ƙawarta mara lafiya. Har na ce ku gaishe ta." Ya gyaɗa kai. "Inna ta sani?"

"Ita ta ce kar a faɗa maka, wai ranka zai ɓaci."

"To ai ga shi bai ɓaci ba."

"Yaya, wallahi a wurin aiki kowa maganarsa yake. Na ga za su ɓata min. Kuma ai ya yi amfani, ka ji yadda na ba ka labarin, ko ɗaya ban ɓata ba."

"Ko ɗaya," in ji Mai Fenti. Muryarsa ba ta tashi ba. "Da likita ya ce idon ba zai dawo ba, mako biyu kuna sane kafin ni. Da aka ba wani shagona, sai da na je na taɓa ƙofa na ji kwaɗon ba nawa ba ne. Ban ce komai ba, na ce tausayi ne. Wannan kaɗai na roƙa. Awa biyu, ni da kai, ba wanda ya riga wani. Ba labari tsaf na zo ji ba. Na zo in ji ka firgita."

"Za su yi na biyu, an nuna a ƙarshe. Wannan karon..."

"Ka ga? Har wannan ma ka riga ni."

Dogo ya miƙo hannu. Mai Fenti ya ji zafinsa kusa da gwiwar hannunsa, ya kauce, ya warware sandarsa. Hanyar ba baƙuwarsa ba ce. Ya bi gefen kwata yana ƙwanƙwasa, ya wuce shagon mai walda da ƙarar injinsa, ya wuce mai gyaran waya da rediyonsa. Takun Dogo na bayansa, ba kusa ba, ba nesa ba.

Dab da kwanar gidansu takun ya yi sauri ya wuce shi ta hagu. Sai ya ji ƙarar katako ana ja a kan siminti, bencin mai wankin hula da kullum ake mantawa a tsakiyar hanya. Aka jingine shi da bango. Takun ya koma baya inda yake.

Mai Fenti ya ji duka. Sandarsa ta share wurin, ba ta taɓa komai ba, ya wuce ya shiga gida.