Masani da Al'adar Mutanen Tsibiri

Masani bai taɓa wuce tashar motar garinsu ba, amma babu lungun duniyar da bai sani ba. Aski ne sana'arsa. Ilimin kuwa daga tsofaffin mujallun da ya jibge a ƙarƙashin bencin masu jiran layi ya kwaso shi. Takardun sun yi ja, gara ta ci gefensu, amma shafin abubuwan al'ajabi na duniya yana nan daram. A nan ya karanta cewa wai akwai ƙasar da ake binne mutum a zaune, da wadda miji ke kwanciyar jego in matarsa ta haihu. Duk wanda ya miƙa masa kai sai ya sha labari har ya ƙoshi. Reza na kan wuyanka, ina kai ina musu? Da haka sunan Masani ya bi shi, shi kuma ya ɗauka yabo ne.

Ana nan sai ga saƙo cewa babban ɗansa, wanda ya daɗe yana aikin jirgin ruwa, zai zo hutu da matar da ya auro a wani tsibiri, da jaririnsu ɗan 'yan watanni. Jikansa na fari ke nan. Masani ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya rufe shago da rana tsaka, ya zazzage mujallun a ƙasa, ya dinga lasar yatsa yana buɗawa har ya ci karo da sunan tsibirin.

Abin da ya gani bai yi masa daɗi ba. Marubucin, wanda daga ji shi ma ko ƙafarsa bai taɓa jiƙawa a teku ba, ya ce a can kaka na wajen uba ba ya kallon jariri, balle ya taɓa shi, sai ranar da yaron ya tako da ƙafarsa ya zo gare shi. In kaka ya karya wannan, uwar za ta ɗauki ɗanta ta fice, kuma ita da gidan har abada. Har da zanen wani tsoho ya juya baya, wata mata tana yi masa murmushin godiya.

Matarsa ta ce wannan shirme ne, ya tambayi ɗansa kawai kowa ya huta. Tambaya? Masani guda? Ya ce mutumin da gari ke zuwa ɗaukar darasi a wurinsa ba zai je yana tambayar yaron da ya haifa ba. Ya ƙara da cewa ita al'adar ba a furta ta, ko da yake wannan daga aljihunsa ya zaro. Ya ja mata kunne kada ta kuskura ta buɗe baki. A ƙasan ransa kuwa tsoro ne zalla: kada kallo ɗaya ya raba shi da jikan gaba ɗaya.

Ranar da suka iso ya rungume ɗansa, ya gaida surukarsa da fara'a. Tana yaye mayafin jaririn tana matsowa, sai ya yi juyi irin na soja ya fuskanci bango. Ya daɗe a tsaye yana nazarin kalandar bara, zuciyarsa fal da alfaharin cewa baƙuwa ta faɗo gidan wayayyu.

Haka aka ci gaba. Ya juya kujerarsa ta falo tana kallon taga. Surukar ba ta jin yarensu, amma ta yi iya yinta. Sai ta yi wa yaron wanka, ta shafa masa hoda, ta tsaya da shi a bakin ƙofa, shi kuma Masani ya zura takalmi ya yi waje kamar wanda ya hango mai kama ɓarayi. A shago yana ta cika baki cewa in yarinyar nan ta koma, har tsofaffin tsibirin sai sun ji labarinsa. A gida kuwa wahala yake sha ba kaɗan ba. Da kunne ya san jikansa: ya san kukan yunwa, ya san na rigima, ya san dariyar da yake yi in kakarsa ta hura masa ciki. In ba kowa a tsakar gida sai ya je wajen igiyar shanya ya shinshina 'yar rigarsa.

Ɗan nasa ya daina hira, ya daina haɗa ido da shi. Masani ya ce gajiyar teku ce. Ba a ci rabin hutun ba ɗan ya ce kamfani ya kira shi, za su koma. Abin ya soki Masani, amma ya lallashi kansa da cewa in sun dawo yaron ya fara tafiya.

Da safen tafiyar, tasi na ƙofar gida ana loda akwatuna, Masani ya juya baya kamar kullum. Surukar ta zagayo ta tsaya a gabansa, idanunta a kumbure, ta yi magana mai tsawo. Ɗan ya fassara, kansa a ƙasa.

"Baba, ta ce in ita ce ba ka so, ta ji, ta haƙura. Amma shi yaron me ya yi maka?"

Masani ya yi murmushin manya, ya gyara murya, ya zayyana musu al'adar tsibirin tiryan-tiryan, har da zanen tsohon. Ɗan ya fassara mata. Amsarta gajeriya ce.

"Ta ce ba ta taɓa jin wannan ba, Baba. Ta ce ita a kafaɗar kakanta na wajen uba ta yi wayo." Ya ɗago kai. "Kuma babu kamfanin da ya kira ni. Kukanta ne na kasa jurewa, na canza tikiti."

Sai surukar ta ɗora wa Masani yaron a hannu. Ya fi yadda ya zata nauyi, ga ɗumi. Yaron ya ƙura wa baƙuwar fuskar ido, ya taɓe baki, ya tsala ihu yana miƙa hannu wajen kakarsa. Masani ya jijjiga shi, ya yi masa 'yan sautukan da ya sha ji ta bayan ƙofa, duk a banza. Direba ya danna hon, ya ce za su makara.

Ya miƙa shi. Motar ta sha kwana, matarsa ta shige ciki. Shi kuwa yana tsaye a bakin ƙofa, hannuwansa a lanƙwashe a ƙirji yadda yaron ya bar su.