Dubu Goman Philemon

Ranar da yarinyar gwamnati ta yi sallama a gidan Mama Rachael, can bayan kasuwar Zuru, tsohuwar tana zaune a bakin rumbu tana ɓare gyaɗa. Ta ɗago kai ta ga budurwa da hijabi ruwan toka, da kati a rataye a wuya, ta rungume wata babbar waya mai faɗin allo kamar jaririya. Yarinyar ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta ce sunanta Rufaida, daga ofishin ƙididdiga aka turo su. A cikin gidajen unguwar duka an zaɓi goma, ƙuri'a kuma ta faɗo a kan wannan. Suna son sanin abin da ke shigowa gida da abin da ke fita, daga hatsi har ashana.

"Tallafi za a raba?" in ji Mama.

"A'a Mama, ba a ba da komai. Ƙidaya dai muka yi, don a san yadda mutane ka rayuwa. Kuma sirri na, ba mai jin sunanki."

Mama ta yi tsaki a ranta. Gwamnatin da ba ta san farashin mudun dawa ba sai ta aiko yarinya ta tambayi tsohuwa! Amma baƙo baƙo ne, kuma yarinyar tana da ladabi. Ta tura mata kujera 'yar tsugunno, ta ƙwala wa surukarta Sandra kira ta kawo ruwa.

Tambayar farko ita ce mutum nawa ke ci daga tukunyar gidan. Mama ta ce uku, ita da ɗanta Philemon da matarsa Sandra. Rufaida ta tambaya ko yana nan. Mama ta ce yana bakin aiki, soja ne, kamar ubansa da kakansa.

"Wata nawa rabonshi da gida?"

"Ya daɗe."

"Mama, na'urar ga lamba takan so. In mutum ya wuce wata shida bai kwana gida ba, ba mu sa shi cikin 'yan gida."

Hannun Mama ya tsaya a kan gyaɗar. Ta ce wa yarinyar ɗakinsa ga shi can, takalmansa na coci suna ƙarƙashin gado, kuma duk yamma da rabonsa ake auna hatsi. In na'ura ba ta san ɗa ba, uwa ta san shi. Rufaida ta ga fuskar tsohuwa ta canja, ta yi ta latse-latse, can ta ce akwai hanya. In shi ne mai gida, za ta iya rubuta shi mai gidan da ya yi tafiya. Mama ta ce yauwa, yanzu kika yi magana.

Abin da Mama ba ta gaya mata ba, kowa a unguwar ya sani. Wata goma sha huɗu da suka wuce, mutum biyu masu kaki suka zo gidan da hulunansu a hannu. An yi wa ayarinsu Philemon kwanton ɓauna a can gabas, an nemi shi an rasa, ba a cikin masu rai ba, ba a cikin gawarwaki ba. Mama ta kwanta kwana tara ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa. Fasto ya zo, matan zumunta suka zo suka yi waƙoƙi, ba ta ko juya kanta daga bango ba. A rana ta goma Sandra ta shigo da gudu da naira dubu goma a hannu, ta ce sun shigo wayarta, ba suna, ta je wurin mai POS ta ciro. Dubu goma cif, abin da Philemon ya saba aiko wa uwarsa kowane ƙarshen wata. Mama ta tashi zaune ta ce a dama mata kunu. Daga ranar, duk wanda ya zo mata da fuskar ta'aziyya amsa ɗaya yake samu: matacce ba ya aiken kuɗi. Yana wani wuri ne da ba a yarda ya yi waya ba, ai aikin soja ya gaji haka.

Saboda haka da Rufaida ta iso kan kuɗin da ake aikowa daga waje, Mama ta gyara zama. Nan ne take son a zo. Dubu goma, kowane wata, bai taɓa fashi ba. Ta ce a rubuta da kyau, a kai Abuja su gani, akwai 'ya'yan da ba su manta iyayensu ba.

Daga nan tambayoyin suka zama na gajiya. Mudu nawa na dawa aka ci a kwana bakwai, an saya ne ko daga rumbu aka ɗebo, in da za a sayar nawa zai yi. Manja, daddawa, gishiri, magi, kuɗin niƙa. An ci nama? Mama ta ce an ci, ranar Kirsimeti. Rufaida ta yi dariya ta ce kwana bakwai dai. To, ba a ci ba. Aka koma kan kayan gida, rediyo, katifa, fitila. Da aka zo kan keken ɗinki, Mama ta ce akwai na Sandra, yana wurin gyara, mai gyaran nan na bakin tasha ya riƙe shi kusan shekara, ba shi da tsoron Allah. Awaki kuwa da akwai biyu, ɓarayi suka kwance su da damina.

Sandra tana tsaye a ƙofar kicin duk wannan lokaci, tana saurare. Ba mai yawan magana ba ce dama. Shekara uku Philemon ya yi yana golmo a gonar ubanta, wato noman da saurayi ke yi wa surukinsa kafin a ba shi mata, sannan suka yi wata takwas kacal tare aka tura shi gabas. Ba ta haihu ba. Danginta na Danko sun aiko sau biyu ta koma gida, ta ce ba yanzu ba. Da safe ta fita ƙwadago a gonakin mutane, da yamma ta dafa daddawa ta kai kasuwa. Mama tana ganin wuyanta na ƙara tsawo, zanenta na ƙara zagaye ta, ta ɗauka kewar miji ce.

Ƙa'idar aikin su Rufaida ita ce kowane baligi ya amsa abin da ya shafi sana'arsa da bakinsa. Don haka ta ja Sandra gindin mangwaron ƙofar gida, suka yi kusan awa guda. Mama ta gama gyaɗarta, ta share ɓawon, ta ɗan yi gyangyaɗi a inuwar rumbu.

Rufaida sabuwa ce a aikin, makonta na biyu ke nan. An koya musu cewa kada su bar gida sai sun duba na'ura ba ta nuna ja ba, domin in lissafi bai hau ba, shugabansu zai maido su, kuma ranar ta tafi a banza. Ta dawo tsakar gida tana hamdala an kusa gamawa, ta latsa wurin dubawa, sai ga ja har wuri biyu. Ba ta yi dogon tunani ba. Rashin sani ya fi dare duhu, ita lamba kawai take gani.

"Mama, gyara biyu sunka rage in tafi. Keken ɗinki kin ce yana wurin gyara, Anti ta ce an sai da shi dubu hamsin. Wanne za ni bari?"

Mama ta dubi Sandra. Sandra ta dubi ƙasa.

"Na biyun kuma, Anti, wurin kyauta kin ce kina ba wata tsohuwa dubu goma duk wata. Na'ura ta ce in tambaya, tsohuwar ga cikin gida take ko waje? Don in cikin gida take, ba a rubutawa. Kuɗin da ya tashi daga hannun dama ya koma hagu, ba abin da ya shigo gida."

A maƙwabta wata tana daka, ana jin taɓarya tana sauka ɗaya bayan ɗaya. Sandra ba ta iya ƙarya ba, wannan ne laifinta. Ƙarya guda ɗaya ta taɓa yi a rayuwarta, ita ce ta yi wata goma sha huɗu tana ciyar da ita da guminta, ba ta da ƙarfin ƙara wata. Da aka zaunar da ita a inuwa aka ce sirri ne, aka yi ta tambaya ɗaya bayan ɗaya, ta amsa kowace da gaskiyarta, ba ta san akwai abin da zai haɗa amsoshin wuri guda ba.

Mama ba ta yi boko ba, amma shekara arba'in tana auna hatsi. Keken dubu hamsin. Awakin da ba ta taɓa jin kare ya yi haushi ranar da aka sace su ba. Ƙwadago tun sassafe, da yarinyar da ke cewa ta ci a gona. Ta haɗa su a ranta, lissafin ya hau daidai, ba ragi ba ƙari. Ta yi wa Sandra magana da C'lela, yarensu na gida, a hankali.

"'Yata, awakin ma?"

Sandra ta gyaɗa kai.

"Bai taɓa aikowa ba? Ko sau ɗaya?"

Sandra ta zube a kan gwiwoyinta ta kama ƙafafun tsohuwar. "Mama, kwana tara ba ki ci ba. Na ga za ki bi shi. Na ce wata ɗaya kawai, ki tashi. Da na ga yadda kika yi murna, na kasa dainawa."

Rufaida ba ta jin yaren, amma ba ta buƙaci tafinta ba. Ta dubi na'urar da ke hannunta kamar wadda ta tsinci kanta riƙe da wuƙa. Ta soma cewa a yi haƙuri, za ta tafi, za ta dawo gobe, ko ma ta ce ba ta tarar da kowa ba.

"Zauna," in ji Mama da Hausa. "Aikinki kika yi."

Ta janye ƙafafunta daga hannun Sandra, ta dafa bangon rumbu ta miƙe, ta shiga ɗakin Philemon. Suka ji tana jan akwati. Ta fito da babban gwangwanin madara, ta zauna, ta buɗe shi a kan cinyarta. Kuɗi ne a ciki, ƙulli goma sha huɗu, kowanne an ɗaure shi da zaren buhu. Ko naira ɗaya ba ta taɓa ba. Ɗakin nasa yana yoyo, ta ce in ya dawo ya tarar da kuɗin kwano a ajiye, ya ga uwarsa ba ta cinye masa gumi ba. Ashe duk watannin nan yarinya tana ƙin cin abinci don ta cika gwangwani, tsohuwa kuma tana gadin gwangwanin. Baƙin ciki ya kama Mama, na ɗanta da na wannan da ke durƙushe, ta rasa wanne ya fi nauyi.

Ta ɗora gwangwanin a hannun Sandra ta rufe yatsunta a kai.

"Gobe ki je ki nemo kekenki. In sun sayar, ki sayi wani. Sauran ki ci nama da shi, dubi wuyanki."

Sannan ta juya ga Rufaida.

"Ke, ɗiyata, koma tambayarki ta farko."

"Mama, a bar shi haka. Ba komai, wallahi."

"Na ce ki sake tambayata."

Rufaida ta karanta. Mutum nawa ke ci daga tukunyar gidan nan?

"Biyu," in ji Mama. "Mai gida kuma ni ce. Ki rubuta."

Rufaida ta latsa. Na'urar ta tambaye ta ko ta tabbata, ta sake latsawa, sunan Philemon ya fita, jan ya koma kore. Ta yi sallama idonta cike da ƙwalla, Mama ta ɗebi gyaɗa ta zuba mata a jaka dole, ta ce baƙo ba ya fita hannu wofi.

Har lokacin Mama ba ta yi kuka ba. Ta ɗaga Sandra ta ce ta wanke fuskarta, rana ta yi sanyi, injin niƙa zai rufe. Sandra ta ɗauko mudu ta shiga rumbu ta auno dawa a ƙwarya yadda ta saba, ta kawo wa Mama ta duba, don tsohuwar ba ta yarda a kai niƙa ba ta gani ba. Mama ta daɗe tana kallon ƙwaryar. Ta sa hannu biyu ta kamfato rabon mutum ɗaya, ta tashi za ta mayar rumbu. Tana isa bakin rumbun ta kasa buɗe hannun. Nan kukan ya zo mata, tana tsaye, tana kiran sunansa, dawar tana tsiyaya ta tsakanin yatsunta.