Akwatin Edna da Ƙofar Ɗakin Uwarta

Edna ta rasu a Ingila, inda take aikin kula da tsofaffi. An ce zazzaɓi ne ya kama ta, ya sauka mata a huhu. Uwarta Dinah tana gonar citta a bayan garin Manchok aka kira ta a waya. Ba ta yi ihu ba. Ta zauna a kan kunya, ta kwance ɗankwali, ta sake ɗaurawa.

'Yan ikilisiyar Edna na can sun ba da shawara a binne ta a wurinsu, tun da dawo da gawa ba ƙaramar wahala ba ce. Dinah ta ce a'a. A wajenmu, 'yar da ba ta yi aure ba, in ta mutu, ɗakin uwarta take fara shiga. A kwantar da ita, matan zumuntar coci su kewaye ta da waƙa, uwar ta sallame ta, sannan maza su kai ta kabari a bayan gida. Wadda aka wuce da ita kabari daga waje, baƙuwa aka binne. Dinah ba ta nemi komai ba sai wannan, 'yarta ta shiga ɗakinta.

Aka haƙe citta, aka fere, aka shanya har ta bushe, Edna tana kwance cikin sanyi a ƙasar mutane. Jonathan, ƙanen marigayi mijin Dinah, tsohon malamin makaranta da ake kira Baban Clinton, shi ya yi ta zirga-zirgar Abuja kan takardun dawo da gawar har ya rame. Sai da hadarin farkon damina ya fara haɗuwa jirgi ya sauke ta. Ta kwana a mutuware, ɗakin ajiye gawa, a Kafanchan, da hantsi motar asibiti ta shigo da ita gari, babura gaba da baya.

Jonathan ya yi tunani. Da ya ga akwatin a Abuja, ya buga wa samari waya su ƙara faɗin kabari, domin ba irin na kafintocinmu ba ne. Ƙato ne, mai nauyi, da hannuwan ƙarfe a gefe, kuma an liƙe cikinsa da kwano, an ce kada a buɗe. Kabari ya tuna. Ƙofa ce ba wanda ya tuna.

Maza suka ɗauko shi, mata na waƙa, har bakin ɗakin Dinah. Ɗakin ƙasa ne da mijinta ya gina, ƙofar 'yar siririya. Akwati ya tokare. Suka ja baya, suka gyara, ya sake tokarewa. Waƙa ta fara mutuwa a bakin mata.

"A karkata shi gefe," in ji wani saurayi.

"Ka karkata wa?" Dinah ta ce. "Buhun masara ka ɗauko?"

Suka sauke shi a kan benci a tsakar gida. Fasto ya duba sama, ya duba jama'a, ya ce ko a yi sujada a ƙarƙashin rumfa, Ubangiji yana ko'ina. Jonathan ya matso kusa da Dinah, ya rage murya.

"Matarmu, ki yi haƙuri. Ta haye teku, ta iso. Tsakar gida ma ai gida ne."

"Baban Clinton, tsakar gida akuya ma tana kwana."

"To ya za mu yi? Mu sare akwatin?"

"Ku fasa bango."

"Haba matarmu! Dubi hadari. In muka taɓa bangon nan, ruwan farko zai kwantar da ɗakin. Mai gyara miki, ga ta nan kwance. Ina za ki sa kanki?"

Gaskiya ya faɗa, Dinah ma ta sani. Ta tsaya tana kallon akwatin da ke ƙyalli kamar motar wani mai kuɗi, ba abin da ya yi kama da Edna a jikinsa. Fuskar ma an hana ta gani. Sai ta juya ta shiga madafa, ta fito da taɓarya. Ta ɗaga ta buga a gefen ƙofa. Ƙasa kaɗan ta zubo. Ta sake bugawa, zaninta na neman kwancewa.

Rachael, shugabar matan zumunta, ta juya wajen maza. "Kai, ku ji kunya! Gemu cike da gida, tsohuwa ce za ta fasa muku bango?"

Jonathan ya cire kwat ɗinsa ya miƙa wa Fasto. Ya karɓi diga a hannun masu haƙa kabari. "Matsa, matarmu. Yayana ne ya gina, ni ya kamata in rushe." Yana sara yana kuka, samari suna kwashe ƙasa da hannu. Suka cire ƙyaure, suka tokare jinka da itace. Da aka sake ɗauko akwatin, ya shige ba tare da ya gogi komai ba.

Mata suka yi waƙarsu, suka fito. Ba ƙofar da za a rufe, sai Rachael da wata suka ware zanen zumunta suka riƙe a bakin wurin da aka fasa, suka juya baya.

Dinah ta zauna a ƙasa, cikin ƙura. Ta share murfin akwatin da bakin zaninta, ta lalubi wajen kai, ta kwantar da kumatunta.

"Edna, Mama ce," ta ce. "Sannu da hanya. Kin ga ɗakin, ko? Kar ki damu da bangon."

Iska ta taso, rumfa ta fara kaɗawa, yayyafi ya soma sauka a kan maza da ke tsaye da shebur. Ba wanda ya ce ta yi sauri.