Sunan da ke kan tikiti

"Alo! Ɗaga murya, baiwar Allah, ba na jin ki!"

Hasiya ta ƙara manna kan wayar a kunne. Tun da take ba ta taɓa shiga gidan wayar Madarumfa ba sai yau, kuma don ɗanta ta shigo. Yaron ya ci jarrabawar gama koleji, abin da ba a taɓa yi ba a danginsu, abu guda kuwa ya roƙa: ya je Damagaram ya ga wasan mai gitan nan da ya ishe su da kaset ɗinsa safe da yamma. Masu shirya tafiyar sun yi shatar motoci biyu daga Maraɗi, tikiti guda ne na mota da na shiga fili. Ta waya ake kama wuri, kuɗin kuma a aika ta hannun direba.

"Wuri guda ya rage," in ji mutumin da ke can Maraɗi. "Sunan wa zan rubuta?"

To fa! Yaron ɗan fari ne. Shekara goma sha bakwai ke nan sunansa bai taɓa fita daga bakin Hasiya ba. "Kai" take ce masa, ko "wannan yaron", in ya yi nisa kuma ta sa a kira shi. Haka uwarta ta yi, haka kakarta. Ga kuma dattawa uku zaune a benci suna jiran layi, har da aminin surukinta, kunnuwansu a buɗe.

"Rubuta ɗan mai gyaran keke na bakin kasuwa."

"Haba! Suna nake so, kowane iri ne, wanda zai faɗa a tasha a ba shi tikitinsa. Yi sauri, akwai mai jiran wurin."

Ta buɗe baki, harshe ya ƙi. Sai ta jefa sunan da ya fara zo mata.

"Sule Ɗanlami."

Sai da ta ajiye wayar gabanta ya faɗi. Sule ƙanenta ne, wanda kwalekwale ya kife da shi a tafki shekara tara da suka wuce. Duk sunayen duniya ta rasa wanda za ta ɗora wa ɗanta sai na mamaci? Har ta iso gida tana neman tsari, ba ta kuma faɗa wa maigidanta Hamisu ba.

Ran Asabar da sassafe yaron ya fito da sabuwar riga, sai ƙamshi yake. Hasiya na durƙushe gaban murhu, ta ba shi baya.

"In ka je tasha ka ce Sule Ɗanlami. Shi aka rubuta."

Ya tuntsire da dariya. "Inna, nawa sunan ƙuna yake miki a baki?"

"Tafi ka ba ni wuri, marar kunya."

Ta tura masa ƙullin ƙuli-ƙuli kan tabarma. Wallahi ta so ta ce ya fasa tafiyar nan, ta so ko fuskarsa ta duba da kyau. Ba ta yi ko ɗaya ba. Takunsa kawai ta ji har ya fita zaure.

Da hantsi hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, daidai inda suka nufa. Ta ɗebo wanki don ta ɗauke hankalinta, sai ga katin shaidarsa a aljihun wandon lakwal, wanda yake zuwa makaranta da shi, can ya manta da katin. Ta daɗe tana kallon hoton, abin da ba ta iya yi in yana gabanta. Gyaɗar da ta aza ta ƙone ƙurmus, ita da ko a mafarki ba ta ƙona gyaɗa.

Bayan la'asar ruwa ya tsagaita. Hamisu da maƙwabcinsa Audu suna zaure da rediyo, Hasiya na tsakar gida tana tankaɗe, sai mai sanarwa ya sauya murya. Ɗaya daga cikin motocin masu zuwa wasa ta kife kusa da Tasawa. Mutum huɗu sun rasu, sauran suna asibiti. Ya shiga karanta sunaye a hankali.

Rariya ta tsaya a hannun Hasiya. Hamisu ya rungume rediyon. Suna goma sha biyu aka karanta, babu na ɗansa.

"Alhamdu lillahi! A ɗaya motar yake!" in ji Hamisu.

"Allah ya kiyaye gaba," in ji Audu.

Amma mai sanarwa bai gama ba. Akwai wani saurayi da bai farfaɗo ba, babu wata takarda a jikinsa sai tikiti mai ɗauke da sunan Sule Ɗanlami. Ana neman danginsa maza-maza, jini ake bukata kafin dare.

Hamisu ya leƙo tsakar gida yana share ido da hannun riga.

"Kin ji ikon Allah, sunan marigayi ƙanenki sak. Allah sarki, ko ɗan wane gida ne?"

Hasiya ta miƙe, gari na zuba daga zanenta. Audu na tsaye bayan Hamisu, matan maƙwabta sun fara shigowa yi mata barka.

"Al'amin ne," ta ce.

Hamisu ya zuba mata ido, don bai taɓa jin wannan suna da wannan murya ba.

"Al'amin ɗina ne, Malam. Ni na ba da sunan. Tashi ka nemo mota."

Ta ɗauki katin, ta ja mayafi, ta riga shi fita. Tana taka caɓi tana maimaita sunan da ƙarfi, kowa na ji, don kada in sun isa ƙofar asibiti harshen ya sake ƙi.