Hanyar Kurmin Shandalau

Kada ka wahalar da kanka wajen tambayar fatake: babu wani Kurmin Shandalau a duniyar nan. Rabo ne, wani manomi a Maraɗi, ya ƙago shi don yaran gidansu. Wai kurmi ne da tsuntsu kan tsufa kafin ya ƙetare shi, kukokinsa sun tokare gajimare, birai na noman gyaɗa a ciki kuma ba mai karɓar musu haraji. In yana faɗi, har manya sukan bar abin da suke yi.

To, ran nan mutanen kumandan, Baturen mulki, suka zo ɗiban ’yan aikin tilas, suka tafi da Rabo gyaran hanya can nesa. Ɗiyarsa ta fari, Ramatu, lokacin ba ta daɗe da yaye ba. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, shiru kake ji. Da yarinya ta yi wayo ta dami uwarta Uwani da tambayar ina baba, sai Uwani ta juya kai gefe ta ce, “Ya tahi Kurmin Shandalau saran itace.” Me za ta ce? Ta ce ba ta san ko yana da rai ba?

Ka san kuwa kunyar ɗan fari. Tun da Uwani ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba. Daga “ke” sai “waccan yarinya”. Son kuwa yana nan cike da ciki, bakin ne dai a ɗaure.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, Uwani ta dawo daga rijiya ta tarar babu yarinya, babu dawon da ta ajiye a ƙwarya. Maƙwabciyarta ta ce, “Ai na gan ta ta miƙi hanyar Jiratawa, wai za ta kai wa babanta fura.”

Innalillahi! Ga gulbi ya kawo, yana tafiya da itatuwa. Uwani ta zura a guje, ko takalmi babu. Duk wanda ta gamu da shi sai ta ce, “Don Allah, kun ga wata yarinya?”

“Wace? Mi sunanta?”

Sai ta yi tsaye, sunan ya zo mata har maƙogwaro ya koma. Wani tsoho mai jaki ya fusata ya ce, “Baiwar Allah, yara ai sun fi gero yawa!” Ya kaɗa jakinsa ya wuce.

Da ta kai mashigin gulbi ta ga sawun ƙananan ƙafafu a laka sun nufi ruwa. Nan fa kunya ta san inda dare ya yi mata. Uwani ta ɗora hannu a ka ta kwarma, “Ramatu! Ramatuu! Wayyo ɗiyata!”

“Ga ta nan!”

Muryar namiji ce, daga gindin wata tsamiya. Maza ne zaune jugum, ramammu, riguna duk sun yage, ’yan aikin tilas da aka sallamo. Ɗaya ya miƙe da yarinya a kafaɗa, gemunsa duk dawo. Sai da ya matso Uwani ta gane tafiyar mijinta ce. Ta zauna daɓas cikin laka.

Rabo ya ce, “Ta tare mu ne, wai mu nuna mata hanyar Kurmin Shandalau, ko sai an ƙetare ruwa. ’Yan uwa suka yi ta dariya. Ni kuwa na san gida ɗaya ne tak aka san wannan kurmi.” Ya share ido da bayan hannu. “Ban san fuskarta ba, wallahi. Da wucewa zan yi.”

Uwani dai sai alhamdulillahi take ta maimaitawa, tana kuka tana dariya, wani nauyi da ta daɗe tana ɗauke da shi ya sauka. Ramatu ta zamo ƙasa, ta tsaya tana kallonta da mamaki.

“Inna,” in ji ta, “ashe kin san sunana?”

Mazan nan suka fashe da dariya. Uwani ta ja mayafi ta rufe fuska, amma hannunta ɗaya na riƙe gam da na yarinyar, ba ta saki ba har suka shiga gari.