Surukai Cikin Jirgin Feshi

Alfari ya sa surukinsa cikin jirgin sama, shekara biyu bayan samun 'yanci.

Tsuntsaye suka jawo. Jan baki sun sauko wa shinkafar Tunuga, gwamnati ta aiko ƙaramin jirgin feshi garin Gaya, da matuƙi Bature. Alfari ne tafinta. Wanda ya san makwancin tsuntsayen kuwa Na'Allah ne, sarkin noma, uban Aisata matar Alfari. Tun ranar aure ba su haɗa ido ba. In Alfari ya hango tsohon, hanya yake sakewa. Yau ga su a bayan Bature, gwiwa na gugar gwiwa, an ɗaure kowa da kujerarsa.

Bature ya ƙwanƙwasa wani agogo, ya yi Faransanci. Agogon tsayi ne. In ana tafiya sannu, allurarsa gaskiya take faɗa. In aka sunkuyo da gudu sai ta makara, ta ce ana sama alhali ƙasa ta matso. Ya ce Alfari ya duba hagu, tsoho ya duba dama. Wanda ya ga giginya kusa, ya yi ihu.

Alfari ya dubi takalminsa. "An ce wai a riƙa duba giginya."

Na'Allah ya dubi taga. "An ji."

Maganar ihu ba ta fito ba. Wa ke ce wa surukinsa ya yi ihu?

Suka bi gulbi. Tsoho ya nuna wata fadama da haɓa. Jirgi ya sunkuya, ya ƙara gudu. Allura na nan sama. Na'Allah ya ga kan giginya daidai da tagarsa.

"Giginya ta matso," ya ce, da muryar gaisuwa, fuskarsa ga taga.

Ƙarar jirgi ta cinye maganar. Fiffiken dama ya daki itace, suka juya, suka faɗa cikin burgu, ciyawar ruwan fadama.

Ba wanda ya mutu. Bature ya fita ta gilashin gaba da ya fashe, goshinsa na jini, ya shiga ruwa neman masunta. Ƙofa ta nutse cikin taɓo. Ruwa ya fara shigowa ta ƙasa.

Alfari ya kwance wa tsohon ɗamarar kujera, idonsa a rufe. Tsoho bai motsa ba. Hannunsa na dama ya karye, na hagu ya maƙale bayan kujera. Ƙarfe ya lanƙwashe ya cije wandonsa. Wandon saƙi ne, mai kauri. Alfari ya ja, bai yage ba. Ba wuƙa.

Ruwa ya kai gwiwa. Warin maganin feshi ya cika wurin. Jirgi na zama cikin taɓo sannu sannu.

"Da a ce za a kwance mazagi," in ji Alfari, yana kallon rufi, "ƙafa za ta zare."

"A jira masunta."

Ruwa ya kai ƙugu. Ba jirgin ruwa, ba muryar kowa.

Alfari ya juyo. Karo na farko ya dubi tsohon cikin ido.

"Baba, don Allah. Don Aisata. Ba wanda zai ji. Ni zan kwance, in rufe ido."

Ya miƙa hannu cikin ruwa.

"Ɗauke hannunka," in ji Na'Allah. "Ba ni tuɓe wando gaban mijin 'yata."